Shekarar da Inna Ta Kife Tanda

Da sunan Allah, wanda ya ara mini kwana har na ga jikokin ƙanena da gemu.

Ranar sunan ɗiyar jikata Hadiza ce ta sa na zauna rubuta wannan babi. Ina rumfa ana raba goro sai na ji hayaniya a zaure. Wai an ga laya a wuyan jaririya, ɗaya daga cikin jikokin ƙanena Ari ya ce duk wanda ya ɗaura ta mushriki ne, ɗaya daga cikin nawa kuma ya mayar masa da cewa ai ba abin mamaki ba ne, gado ne, kakanku ma ai sai da ya kafirta ubansa. Yaran da har yau uwayensu ke wanke musu riga! Na ƙyale su a ranar, don taron mutane ne. Amma su duka biyun ba su san abin da suke faɗa ba, ni kuwa a gabana aka yi, kuma ni kaɗai na rage cikin waɗanda aka yi a gabansu. Don haka ku zauna ku ji yadda kalmar nan ta shigo gidanmu, da abin da ta ci kafin ta zauna inda ya kamata ta zauna.

Mu biyu muka rayu cikin waɗanda Inna ta haifa, ni Fanna ta fari, sai Ari auta, tsakaninmu shekaru da yawa da ƙananan kaburbura. Da yake ni ce ƴar fari, Inna ba ta kiran sunana, kunyar mutanen da ke nan. "Ke" take ce mini, in kuma tana ba wani labarina sai ta ce "waccan". Har na yi aure na haihu haka nake amsawa, ban taɓa jin ciwo ba, don haka ake yi wa kowa. Shi kuwa Ari, "Auta, Auta" tun safe har yamma, kamar babu wani ɗa a garinmu Gure sai shi. Babanmu kuma Bukar mai dabino ake ce masa. Shi ma Inna ba ta kama sunansa, sai dai "babanku".

Muna da garka a wani kwari, tafiyar hantsi a kan jaki in ka bi wajen Gidigir. Ku da kuka tashi a gari ba ku san daɗin wurin ba. Mutum zai yi ta hawa tudun rairayi har gwiwarsa ta yi sanyi, sai ya kai bisa ya leƙa ya ga kwari a ƙasa kore shar, ga dabino, ga goriba, ga rogo da albasa, ruwa kusa har ba a bukatar doguwar igiya. Tsakiyar kwarin kuma fari fat da kanwa. Kanwar nan ita ce abin tsoron kowane mai garka, don in ta bi ta ƙasa ta shiga rijiyarka, to shukarka ta ƙone, sai ka tattara ka bar wurin. A bakin tsohuwar rijiyarmu akwai wata bishiyar dabino da kakan Baba ya dasa, Tsohuwa muke ce mata. Kowace shekara in dabino ya nuna, kafin a taɓa ko ƙwaya ɗaya a garkar, sai Baba ya sa a hau Tsohuwa a yanko nonon dabino na farko, ya ɗauka da hannu biyu ya ajiye a bakin rijiya, ya faɗi wasu kalmomi da Barebarci. Ma'anarsu ita ce: masu wuri, ga naku, ku bar mana ruwanmu. Daga nan a juya a tafi, ba waiwaye. Washegari ba a tarar da komai. Ni dai na sha ganin sawun awaki a wurin, amma ban taɓa faɗa ba.

Na taɓa tambayarsa ina budurwa su wane ne masu wurin.

"Waɗanda muka tarar," in ji shi, ya ci gaba da gyaran shinge.

Iyakar bayanin da na samu ke nan. Kada kuma ku ɗauka Baba mutum ne mai wasa da salla. Ko a garka yake, in rana ta karkata zai ajiye fartanya ya yi alwala. Azumi bai taɓa wuce shi ba, hatsinsa ba ya shiga rumbu sai ya fitar da zakka. Ajiye dabinon nan a wurinsa aikin garka ne, kamar yashe rijiya, kamar kare rairayi da shingen kaba. Haka ya ga ubansa ya yi, kuma babu wanda ya taɓa ce masa ga wani abu a ciki.

Kalmar shirka kuwa mun san ta, ba baƙuwa ba ce. A tafsirin azumi muke jin ta, in malam ya zo kan mutanen da masu sassaƙa gumaka da hannunsu su faɗi su yi musu sujada. Mukan girgiza kai mu ce kai, waɗannan wane irin rashin hankali ne. A kunnenmu kalma ce ta mutanen nesa, waɗanda suka mutu tun tuni a wata ƙasa. Ba mu taɓa jin an ɗora ta a kan wani mai fuskar da muka sani ba.

Ari ya tafi karatu ƙetaren iyaka tun yana saurayi, ya daɗe. Yana can Baba ya rasu, ciwon ƙirji na ƴan kwanaki, aka yi masa salla, sahu har bakin hanya. Kafin labari ya kai wa Ari an riga an yi sadakar bakwai. Tun daga rasuwar nan Inna ta ɗora wa kanta wani aiki. Kowace Alhamis ta jiƙa gero, Juma'a da sassafe ta ɗora tanda ta soya masa, a rarraba gidajen maƙwabta da tsofaffin unguwa, a ce sadaka ce, Allah ya kai lada kabarin mai gidan. Bayan kowace salla kuma tana kan tabarma hannu a sama, tana roƙa masa gafara da sanyin kabari, har sai ƙafarta ta yi tsami. Da wannan ta riƙe kanta. Ban ga ta yi kukan da ya wuce ƙima ba, don tana ganin akwai abin da take aika masa kullum.

Da Ari ya dawo gaba ɗaya, ya buɗe ɗan butik, wato kanti, kusa da tasha yana sayar da littattafai da kaset na wa'azi da turare, bayan la'asar kuma yana karantarwa a sabon masallacin da samari suka gina daura da butik ɗin. Ina so ku ji wannan da kyau, ku jikokina musamman: Ari ba mai zafi ba ne. Ban taɓa jin ya ɗaga wa Inna murya ba. Shi ke ɗebo mata ruwan alwala, shi ke yanke mata farce. Abin da ke gare shi guda ne, in ya karanta abu ya gamsu, to ko za a yanka shi ba zai ce ba haka ba ne. Taurin kan nan kuwa a nonon Inna ya sha shi, kada wani ya ce muku a ƙetare ya koyo.

Da dabino ya nuna a ƙarshen bazarar nan, muka tafi kwari mu uku da mai hawa. Aka yanko nonon farko daga Tsohuwa, Inna ta karɓa da hannu biyu yadda ta ga Baba yana yi, ta nufi rijiya. Sai Ari ya sha gabanta, ya durƙusa, ya yi magana a hankali.

"Inna, wa za ki kai wa?"

"Masu wuri mana, Auta. Ka manta?"

"Me za su yi mana in an ba su?"

"Su bar mana ruwanmu."

"In ba a ba su ba fa?"

"Kanwa ta shiga rijiya."

Sai ya yi mata bayani, kuma har yau ban ji wanda ya fassara kalmar nan sarai kamar yadda ya yi a bakin rijiyar ba. Ya ce shirka ba sai mutum ya sassaƙa gunki ba. Shirka ita ce ka ɗauki abin da yake na Allah ne shi kaɗai ka ba wani, ko ka raba musu. Ya ce tsoron da ke sa mutum ya miƙa baiko na Allah ne, roƙon a tsare maka ruwa na Allah ne, wanda ya saukar da ruwan shi ke daɗaɗa shi, shi ke gurɓata shi in ya so. Duk wanda ka roƙa wannan ba shi ba, ka yi masa abokin tarayya, ko da bakinka bai faɗa ba. Ya ce ita ce zunubin da ya fi kowane girma, tana rushe aikin mutum, amma ƙofar tuba a buɗe take ga mai rai.

Na zaci za a yi rigima. Na ma gyara tsayuwa don in shiga tsakani. Ina! Inna ta dubi dabinon da ke hannunta, ta saki, ya faɗi cikin rairayi.

"Ashe! Ashe haka ne? Allah na tuba. Allah na tuba, ban sani ba."

Nan take ya biya mata kalmar shahada ta maimaita, hawaye na zuba. Na ga fuskar Ari ta washe, ya ɗauka aiki ya ƙare, kuma da sauƙin da bai zata ba. Muka koma inuwa muka zauna. Inna tana jan carbi, can sai ta ɗago.

"Auta, wanda ya tuba an yafe masa, ka ce?"

"An yafe masa, Inna, kamar bai yi ba."

"Wanda ya mutu yana yi bai tuba ba fa?"

Ni na ga inda maganar ta nufa. Shi bai gani ba. Ya saba da tambayar ɗalibai, a tambaya ya amsa, kuma ransa na cikin daɗi a lokacin. Sai ya amsa mata yadda yake amsawa a masallaci.

"Wanda ya mutu a kan shirka ba a gafarta masa. Ba a ma roƙa masa gafara."

"To babanka fa?"

Wallahi har mai hawan dabino sai da ya tsaya da abin da yake yi. Inna ta jira Ari, ta jira, bai ce komai ba. Ta tashi ta kakkaɓe zanenta ta ce a ɗaura wa jaki kaya. Dabinon da ya faɗi kuwa babu wanda ya ɗauka, nan muka bar shi a tsakiyar hanya, ba a bakin rijiya ba, ba a cikin kaya ba.

Alhamis ta zo ba ta jiƙa gero ba. Juma'a da safe na zo gidan na tarar ta wanke tanda ta kife ta a bisa rumfa. Ta idar da salla sai ta shafa ta tashi, ba ta ƙara daɗewa a tabarma. Ba fushi take yi da kowa ba, ku fahimce ni. Ta yarda da maganar ɗanta ɗari bisa ɗari, shi ya sa. Ita a ganinta yanzu ta fito daga rami, ba za ta sake saɓa wa Allah ba ta hanyar roƙa wa wanda aka hana a roƙa wa. Amma wanda aka hana ɗin mijinta ne na shekara arba'in da wani abu, kuma abin da aka ce ya kai shi wuta, ita ke riƙe masa kwando lokacin da yake yi. Ta rage cin abinci. Ta daina zuwa kwari. Takan zauna ta zuba wa ƙofar ɗakinsa ido, in na yi magana ta ce "Na'am?" kamar wadda aka tasa daga barci.

Ni kam ban fasa yi wa Baba addu'a ba ko sau ɗaya. Ban yi karatun Ari ba, amma na ga tabon salla a goshin ubana, na ce in laifi ne Allah ya san dalilina. Sai dai ban gaya wa Inna ba, don na san in ta ji, tsoro zai ƙaru mata, ta ce ga waccan ma za ta hallaka.

Na je na ɗauko tsohon limamin unguwarmu, wanda ya yi wa Baba salla. Ya zauna ya yi mata nasiha mai kyau, ya ce Bukar Musulmi ne, ya mutu da kalmar shahada a bakinsa, ta ci gaba da addu'arta. Ta saurara har ya gama, ta yi godiya, ta sa aka ba shi goro. Yana fita ta ce mini:

"Liman ya daɗe yana cin dabinon kwarin nan, ya san abin da muke yi, bai taɓa ce mana kanzil ba. Wanda ya faɗa mini na farkon, shi nake jira ya faɗa mini na biyun."

Daga nan na wuce butik ɗin Ari raina a ɓace. Ban ko yi sallama ba.

"Kai, buɗe baki ka ce mata ta yi masa addu'a, me zai ci ka? Kalma ɗaya! Kana gani tana ƙarewa kamar sabulu."

"Yaya, ki zauna."

"Ba zama ya kawo ni ba."

"In na faɗa mata abin da ban tabbatar ba don ta ji sanyi, gobe wa zai tsaya mini a gaban Allah? Kuma kin san Inna. In ta kalli idona za ta gane."

"To ubanka ɗan wuta ne? Faɗa mini in ji."

"Ban ce ba."

"Ɗan aljanna ne?"

"Ban sani ba, Yaya. Ni ma ubana ne. Kin zaci ina barci? In na zo wurin da ake roƙa wa iyaye a cikin salla, harshena tsayawa yake yi."

Na dube shi sosai a ranar, na ga shi ma wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na fita, amma ban yafe masa ba tukuna.

A waje kuma magana ta riga ta fita. Ari ya yi karatu a masallaci kan masu ajiye dabino a bakin rijiya, bai kama sunan kowa ba, to amma wane ne bai san garkar Bukar ba? Kalmar ta zama abin yayi a shekarar nan. Wadda ta rantse da kabarin ubanta a kasuwa, shirka. Wanda ya rataya ƙaho a ƙofar rumbu, shirka. Wasu abubuwan da gaskiyarsu, an kuma bar su, ban ga asarar da aka yi ba. Amma samarin ba su tsaya kan aiki ba, sai suka koma kan mutane, suna lissafa wane da wane, rayayyu da matattu. Da kunnena na ji wani yaro mai sayar da fetur a kwalba yana cewa Bukar mai dabino ai mushriki ya mutu, ɗansa ma ya faɗa. Ba don matan da suka riƙe ni ba, da ranar an kai ni gaban hukuma.

Da sanyi ya shiga Ari ya rufe butik, ya hau kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Damagaram, daga can ya ƙetara wurin malamansa. Ya yi makonni. Ya dawo da amsa biyu. Wasu suka ce masa aikin shirka ne babba, wanda ya mutu a kai shi ke nan, kada son uba ya ruɗe shi. Wasu suka ce aikin dai shirka ne, babu ja, amma hukunta aiki daban, hukunta mutum daban. Mutumin da ya yi shahada, ya yi salla, ya mutu babu wanda ya taɓa bayyana masa, ba a fitar da shi daga Musulunci, a roƙa masa gafara a bar lamarinsa ga Ubangijinsa. Dukansu manya ne a idonsa, dukansu sun buɗe masa littafi. Ya zo ya durƙusa gaban Inna ya ce malamai sun saɓa.

"Ni ban aike ka wurin malamai ba, Auta. Kai me ka ce?"

Ya sunkuyar da kai. Haka muka shiga azumi, muka yi salla ƙarama, tanda na kife a bisa rumfa har ƙura ta rufe ta. Idan kuna son sanin ko kanwa ta shiga rijiyar, ba ta shiga ba a shekarar. Ta shiga daga baya, lokacin da ruwan kwarin duka ya ja baya, ta shiga ta waɗanda suka bari da ta waɗanda suka ci gaba da ajiyewa a ɓoye, ba ta zaɓa ba.

Da dabino ya sake nuna, wata Juma'a Ari ya aiko a ce mini in zo butik bayan la'asar. Na zo na tarar da nonon dabino guda a kan tabarma, na gane na Tsohuwa ne, don ƴaƴanta dogaye ne masu duhu. Ashe da asuba ya tafi kwari shi kaɗai.

"Yaya, ki zauna nan bakin ƙofa inda za ki ji. Abin da kika ji ki kai wa Inna."

"Kai ba ka da ƙafa?"

"A gaban mutane aka ɓata sunansa. A gabansu zan fara."

Ya ɗauka ya tsallaka hanya. Mutane sun idar da salla suna zaune suna jiran karatu. Ya tsaya a ƙofar masallaci, bai zauna a buzunsa na karatu ba. Ya ce abin da ya karantar bara yana nan, ajiye dabino don wanin Allah shirka ne, wanda ke yi ya bari. Sannan ya ce shi Ari an ba shi ilimin ya gane aiki, ba a ba shi mabuɗin wuta ba. Ya ce mahaifinsa ya yi wannan aikin bisa rashin sani, ya mutu yana salla yana shaidawa babu abin bautawa sai Allah, don haka shi yana ɗaukarsa Musulmi. Ya ɗaga dabinon sama.

"Wannan sadaka ce saboda Allah, ladan ga mahaifina Bukar. Allah ya gafarta masa, ya yi masa rahama. Wanda zai ci ya ce amin."

Wasu suka ce amin suka miƙa hannu. Wasu suka tashi suka ɗauki takalmansu. Bari in gaya muku abin da ya biya tun yanzu, don ku jikokinsa ku sani. Kafin wata ya ƙare an ba wani malami buzun karatun. Abokan da suka yi karatu tare suka daina bin sa salla, wasu har ya mutu ba su ƙara shiga butik ɗinsa ba, suna cewa ya sayar da aƙida saboda uwa. Tsofaffin unguwa kuma ba su karɓe shi ba, don bai janye ko kalma ɗaya kan dabinon ba. Ya ƙare rayuwarsa a tsakiya, yana karantar da ƴan kaɗan a zaurensa. Na sha jin ya ce wa mutum ƙiri-ƙiri, "Wannan aikin shirka ne, ka bari." Amma daga ranar nan har aka rufe shi ban ƙara jin ya ce wane mushriki ne ba. In ɗalibi ya matsa masa sai ya ce, "Aikin na sani. Mutumin, mai shi ya san shi." Layar da kuka yi faɗa a kanta, da yana raye da ya sa an cire, ina tabbatar muku. Da kuma ya ja kunnen wanda ya kira mai ɗaurawar da wancan suna.

Na tarar da Inna a tsakar gida tana tsince wake. Na zauna na faɗa mata duk abin da na gani, ban ƙara ba ban rage ba. Hannunta ya tsaya cikin faifai.

"Da bakinsa?"

"Da bakinsa, Inna."

"A gaban mutane?"

"Masallaci cike."

"Ya kama sunansa?"

"Ya ce mahaifina Bukar."

Ta ture faifan, ta ce in miƙo mata buta. Ta yi alwala, ta hau tabarma, ta ɗaga hannu. Ban ji abin da take faɗa ba, leɓunanta kawai ke motsi, ta daɗe har inuwar katanga ta rufe mu. Da ta shafa sai ta ce in sauko da tanda in wanke, in jiƙa gero.

"Inna, Juma'ar ai ta wuce."

"Ko Asabar ce a soya."

Na hau turmi na sauko da ita. Ina kankare ƙurar sai na ji tana magana, ba da ni ba, da ƙofar ɗakin can.

"Shekara guda. Shekara guda yana kwance shi kaɗai, babu wanda ya aika masa da ko amin."

Na ajiye tandar.

"Ni ina yi masa, Inna. Kowace salla. Ban fasa ba ko rana ɗaya."

Ta juyo ta dube ni, ta daɗe tana dubana, kamar yau ta fara ganina a gidan.

"Allah ya yi miki albarka, Fanna."

Ban taɓa jin sunana a bakinta ba sai ranar, ban kuma sake ji ba har ta rasu.